Mazarin da Ba Ya Juyawa

Ƙarfe tara na dare a Naraguta.
Ruwa ya ɗauke, sanyi ya gangaro daga duwatsu
ya shigo ɗakin bincike ba sallama.
Daga ni sai Chundung, tana gyangyaɗi kan littafin awo,
sai sirinji guda cike da kunun da ba a sha.

Asalinsa rogo ne.
Sitacin ya bi hannun masana har ya manta gonarsu,
ya dawo mana fararen ƙwayoyi kamar tsaki.
Tun la'asar nake narka su, ina juyawa,
ina neman yauƙi irin na kuɓewar da ta ji kanwa.
In ya tsinke, feshi zai yi mini.
In ya yi kauri, ya toshe allura, ya bar ni da hamma.

Na murɗa makunni. Bolt dubu goma sha takwas.
Ɗigon da ke bakin allura ya tsaya yana shawara,
ya tsuke, ya yi tsini,
sai ya saki kansa.
Ido ba ya kama shi sai an haska tocila ta gefe,
a ga wani abu yana bulala a cikin iska,
yana bushewa tun bai isa ba.
Taƙi guda daga allura zuwa faranti,
iyakar tafiyar ke nan.

Kakata Tabawa a Gangare take kaɗi.
Ta dangwali alli, ta murza mazari a taskira,
auduga na fita daga yatsunta kamar hira.
Da za ta ga nawa sai ta riƙe haɓa:
"Wane irin zare ne wannan,
da za a tara ɗari ba su kai gashin girata ba?
Ina mazarin? Wa ke murzawa?"
Tsawa ce, Kaka, muka ɗaure a akwati,
ita ke ja, ni nawa gadi.

Mako uku damina na yi mini dariya.
Laima ta cika ɗakin, duk abin da na kai gaban madubi
sai in ga ƙulli bayan ƙulli.
Chundung ta leƙa, ta ce, "Carbi kike saƙawa?
To ki ja shi, ko Allah zai sa a bar mana wuta."
Ba a bar mana ba. Sau huɗu ranar Laraba.

Ana tambayata, wahalar ta mece ce?
Je ka gadar Dilimi bayan ruwan sama
ka ga baƙar leda ta yi wa ciyawa lulluɓi.
Babana ya tono wata da fartanya a Farin Gada,
shekara goma a ƙasa, ko tsufa ba ta yi ba.
Je ka kududdufan da 'yan kuza suka bari
ka ga yara da jarkoki.
Matata nake so, wadda ruwa zai bi ya fito da hasken fuska,
in ta gama aikinta kuma ta san hanyar gida.

A watan Maris na binne ƙyalle ɗaya cikin taki
bayan ɗakin janareta, na kafa tsinke.
Shekaranjiya na tona.
Tana biyu, ƙasa mai ɗumi,
da wani ɗan abu kamar ɓawon albasa
da ya marmashe kafin in ɗaga shi.
Na zauna a wurin, ban san hawaye nake ba.

Tabawa da hannunta ta kaɗa zaren likkafaninta,
ta kai wa masaƙi, ta biya, ta ninke a ƙasan adaka.
Ba ta taɓa kiran wannan ilimi ba.

Asuba. Ladan a Unguwar Rogo, zakara a bayan katanga.
Na kashe wuta, na jira ƙarfen ya huce fushinsa,
na sa farce a gefen faranti.
Ya ɗago, fari, ba nauyi,
kamar yanar da ke kwanciya kan kunun da ya kwana.
Chundung ta farka tana murza ido.
"Akwai ƙulli?"
Ban sani ba tukuna. Riƙe mini ƙofa,
kada ki yi numfashi da ƙarfi.